Kwaikwayon Tsohuwar Kwamfuta Har da Aibinta

A shekarar 1982 aka fitar da wasu kwamfutocin gida guda biyu waɗanda har yau ba a daina maganarsu ba. Kamfanin Clive Sinclair na Ingila ya fito da ZX Spectrum, Commodore na Amurka kuma ya fito da Commodore 64. A jikin talabijin ɗin falo ake jona su, wasanninsu kuma galibi a kaset suke zuwa, irin wanda muka saba jin waƙa da wa'azi a ciki. Babbar Spectrum ƙwaƙwalwarta kilobayit 48 ce, ta Commodore kuwa 64. Ko ka haɗa su biyun, ba za su ɗauki hoto guda na wayar zamani ba.

Mai wannan lissafi zai ɗauka sa kwamfutar yau ta rikiɗa ta koma Commodore 64 kamar shan ruwa ne. To amma VICE, manhajar da ta fi shahara a wannan aiki, tun 1993 aka fara ta, kuma har yanzu masu sa kai suna ta gyaranta. Abin da ya riƙe su shekaru sama da talatin shi ne asalin wannan sana'a.

Aikin manhajar kwaikwayo shi ne ta karɓi umarnin da aka rubuta wa tsohuwar na'ura, ta aiwatar da shi ɗaya bayan ɗaya, har wasan ya zaci a gidansu yake. Da masu rubuta wasannin sun tsaya kan abin da littafin kamfani ya ce, da tuni an gama. Sai dai ƙuncin wuri ya sa suka bi kowane lungu na na'urar suna neman inda ta yi sake, duk kuskuren da suka samu kuma suka mai da shi kayan aiki.

Dubi bakin allo. Hoton Commodore 64 yana da wani faffaɗan baki kewaye da shi, wanda ba a yi don a zana komai a kansa ba. Guntun da ke kula da hoto, VIC-II, yana ba da zaɓin layin rubutu 25 ko 24. Sai aka gano cewa idan aka sauya daga 25 zuwa 24 daidai lokacin da hasken talabijin ya kusa kaiwa ƙasa, lokacin rufe bakin sai ya wuce guntun bai ankara ba, wurin ya zauna a buɗe a yi ta zane. Buɗe gefen dama da hagu ya fi wuya. A na'urar Turai, kowane layi na allo bugu 63 ne na agogon kwamfuta, kuma dole irin wannan sauyi, amma na faɗin layi, ya faɗo kan takamaiman bugu, a kowane layi. Manhajar da ta yi jinkirin bugu ɗaya ta ɓata hoton. Shi ya sa VICE ta fitar da wani nau'i da ke bin na'urar bugu-bugu, ko da yake ya fi cin ƙarfin kwamfuta.

Sauti ya fi ban sha'awa. Guntun sautin Commodore 64, SID, da Bob Yannes ya tsara muryoyi uku gare shi, kuma samfurin farko, 6581, yana da wani lahani: duk lokacin da aka sauya ƙarfin sauti sai ya yi ɗan "ƙas". Aka riƙa jera wannan "ƙas" sau dubbai cikin daƙiƙa har ya zama muryar mutum ko bugun ganga. Da kamfani ya gyara lahanin a samfurin 8580, sai muryoyin suka dusashe, da ƙyar ake jin su. Ga shi kuma ko 6581 guda biyu ba lallai su yi amo iri ɗaya ba. Don haka mai kunna reSID, manhajar kwaikwayon SID da Dag Lem ya rubuta, sai ya zaɓi samfurin da yake so, kuma kowa wanda ya ji a ɗakinsa yana yaro shi yake kira na gaskiya.

A ganina inda sana'ar take yin tuntuɓe shi ne wajen sauƙin da take bayarwa. Loda babban wasa daga kaset a Spectrum yakan ci kusan minti biyar, na'ura tana tsuwa, ratsin shuɗi da rawaya suna rawa a gefen allo, wani lokaci a ƙarshe ya ƙi. Tsarin fayil na TZX ya adana wannan tsuwa da ainihin lokacinta, har da dabarun hana satar kwafi. Amma yawancin mutane tsallake jiran suke yi, kuma suna ajiye wasa a duk inda suka ga dama. Wasan Manic Miner na 1983 an gina shi ne bisa cewa in rayukanka sun ƙare ka koma farko. Wanda ya buga shi yana ajiyewa a kowane tsalle, wani wasa dabam ya buga. Haka zanen da aka yi don dishi-dishin tsohuwar talabijin yake fitowa garau da kusurwoyi a allon zamani.

Ba wasa kaɗai ake cetowa ba. Kundin Domesday da BBC ta haɗa a 1986 ya kusa zama abin da ba na'urar karanta shi, sai a 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka farfaɗo da shi ta hanyar kwaikwayo.

Saura batun haƙƙin mallaka, wanda ba a kan layi ɗaya yake ba. Amstrad, da ya sayi harkar kwamfutar Sinclair a 1986, ya yarda a raba manhajar cikin Spectrum ga masu kwaikwayo kyauta. Ta kwamfutar Amiga kuwa sayarwa kamfanin Cloanto yake yi. Wasanni da dama kamfanoninsu sun rushe, ba a ma san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a nemi izini ba, kwafin da ya rage kuma sau da yawa wanda masu fasa kariya suka yaɗa ne a wancan zamani, da sunan ƙungiyarsu yana yawo a allon farko.