Wasan babur a Daura: a ba yaran nan fili

Duk wanda ya ci karo da ayarin kai amarya a Daura 'yan shekarun nan ya san abin da nake nufi. Tun motar amarya ba ta ɓullo ba za ka ji kukan salansa. Samari ne a kan Boxer da Jincheng: wannan ya ɗaga ƙafar gaba, wancan ya miƙe tsaye ya saki hannu, wani ya kwantar da babur har ƙarfe na tartsatsi a kwalta. Ba hular kwano, wani ma silifas ne a ƙafarsa. Ga yara cike da bakin titi, ga tsofaffi na neman tsallakawa.

Dattawa da yawa suna cewa shashanci ne, a kama su a huta. Ina tare da su a fargabar, domin masu ɗori sun san ƙafafun da wasan nan ya karya, akwai kuma gidajen da biki ya koma zaman makoki. Amma kamun bai taɓa kashe abin ba. A kore su daga cikin gari, su koma hanyar Kwangwalam ko ta Zango, inda manyan motoci ke wucewa. Kuma a faɗi gaskiya, akwai gwaninta a hannun yaran nan. Tarbiyya ce babu.

A Jamus an yi wani gwanin tsere, Anton Mang, wanda aka haifa a 1949. Da gyara ya fara. Yana cikin makanikan Dieter Braun a 1970, shekarar da Braun ya zama zakaran duniya a ajin ƙananan babura. Sai da ya san cikin inji kafin duniya ta san shi da gudu. Daga baya ya ci kambun duniya sau 5, huɗu a kan Kawasaki tsakanin 1980 da 1982, na ƙarshe a kan Honda a 1987, yana gab da shekara arba'in. Tsere 42 ya lashe a gasar duniya. Duk ya yi su ne a filin da aka rufe, sanye da rigar fata da hular kwano, likita na jira a gefe. Duk da haka, faɗuwar da ya yi a Rijeka a 1988 ce ta raba shi da tsere. To ina ga yaron da ke yi da 'yar shara a tsakiyar kasuwa?

Abin da ke min ciwo shi ne mu ba baƙin tsari ba ne. Dubi hawan Sallah ko na Gani. Doki ma yana kayarwa, yana kuma kisa, amma kakanninmu ba su hana hawa ba, ƙa'ida suka yi masa. Yaro yana farawa da kilisa a gaban manya. Kowane hakimi ya san layinsa, dogarai na buɗe hanya, kuma ba wanda ke sakin linzami ya kai jahi a ƙofar fada sai lokacinsa ya yi. Babur ne kawai muka bar wa yara su koya wa junansu.

Garin da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a cikinsa a 2019 bai kamata ya rasa fili guda a bayan gari ba. A kewaye shi, a sa rana, a raba ajin manya da na masu koyo. Ƙungiyar 'yan acaba da makanikai su duba birki da taya, jami'an kiyaye haɗurra su tsaya a ƙofa, wanda ba shi da hular kwano ya koma gida. Wanda aka kama yana wasa a titi bayan haka, a hukunta shi ba sani ba sabo.

Ina roƙon Majalisar Masarautar Daura da shugabannin ƙananan hukumominmu su zauna da yaran nan kafin Sallah mai zuwa. Ku kuma iyayen ango, ku daina zuba musu mai don su yi muku rakiya.