Gardamar Satifiket Da Aikin 'Yan Jarida A Zaɓen 2015

Babura gari ne na kan iyaka a arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Ƙasarta ta yi iyaka da Nijar daga arewa, wajen yamma kuwa da Baure ta ƙasar Daura. Saboda haka sa'ad da aka shiga neman ƙuri'a na zaɓen Shugaban Ƙasa na shekara ta 2015, mutanen Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa ba baƙo aka kawo musu ba. Janar Muhammadu Buhari na jam'iyyar APC mutumin Daura ne, maƙwabcinsu, wannan kuwa shi ne karo na huɗu da ya fito, bayan ya fāɗi a 2003 da 2007 da 2011. Abokin karawarsa shi ne Shugaba Goodluck Jonathan na PDP. Har wa yau ɗan takarar gwamna na APC a Jigawa, Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Babura ne. Ga irin mutanen nan, abin da jarida ta buga da abin da rediyo ya faɗa a kan 'yan takara ba hirar dare ba ce, magana ce ta wanda zai riƙe iyaka da kasuwa da taki har shekara huɗu. Ya kamata a duba ko 'yan jarida sun biya musu bukata.

Abin da ya fi cin shafin jaridu a watan Janairu na shekaran nan shi ne gardamar satifiket. Tushenta kuwa ga shi. Ko wane ɗan takara ya kan cika takarda ya kai wa Hukumar Zaɓe, ya faɗi makarantun da ya yi. Buhari ya haɗa tasa da takardar rantsuwa, ya ce takardunsa na makaranta suna hannun hukumar soja. Ran 20 ga watan Janairu kakakin soja, Birgediya Janar Olajide Laleye, ya tara 'yan jarida ya ce ba su riƙe da ainihin satifiket ɗin, sai dai akwai wasiƙar shugaban makarantarsa, da takardar da aka cika sa'ad da ya shiga soja, wadda ta lissafa darussan da ya ci. Kashegari makarantar ta fid da sakamakon jarrabawar 1961, watau ta Kambirij, wadda ya ɗauka a Sakandaren Lardi ta Katsina. Aka ga ya ci Turanci da Hausa da Tarihi da Labarin Ƙasa da Kiwon Lafiya, ya fāɗi Lissafi. Mutanen Jonathan, da kakakinsu Femi Fani-Kayode a gaba, suka ce ba su yarda da takardar ba. Haka aka yi ta yi, yau wannan ya ce, gobe wancan ya mayar, jaridu suna kwashewa suna bugawa da manyan baƙaƙe.

Ba laifi ba ne ɗan jarida ya binciki takardar mai neman mulki, aikinsa ke nan. A shekara ta 1999 mujallar TheNews ta Ikko ta bi diddigin Salisu Buhari, ɗan majalisa daga Kano wanda aka zaɓa Shugaban Majalisar Wakilai. Ta nuna bai yi karatu a Jami'ar Toronto ta Kanada ba, alhali ya ce ya yi, ta kuma nuna ya ƙara wa kansa shekaru. Da farko ya musa, daga baya ya amsa laifinsa ya sauka, kotu ta hukunta shi. Abin lura a nan shi ne, masu mujallar sun nemi shaida daga tushe kāna suka buga. A 2015 kuwa yawancin abin da aka buga ba bincike ba ne, sanarwa ce daga ofishin wannan jam'iyya ko waccan, aka sa mata kai aka kira ta labari.

Babban kuskuren da aka yi shi ne, kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu rubutun suka ɗauko Tsarin Mulki suka bayyana wa jama'a abin da ke ciki. Sashe na 131 ya gindaya sharaɗi huɗu ga mai neman shugabancin ƙasa: ya zama haifaffen ɗan Nijeriya, ya kai shekara 40 (a 2018 an rage zuwa 35), jam'iyya ta tsai da shi, kuma ya yi ilmi aƙalla har matsayin satifiket na sakandare ko makamancinsa. Kalman nan, makamancinsa, ita ce mabuɗin zancen, sashe na 318 kuwa ya fassara ta dalla-dalla. Satifiket na malanta mai daraja ta biyu ya isa. Wanda ya yi karatu har ya kai matsayin gama sakandare, shi ma ya isa. Har ma wanda iyakarsa aji shida na firamare ya shiga, kadan ya yi aiki shekara goma, ya halarci kwas wanda jimlarsa ta kai shekara guda, kuma yana iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda Hukumar Zaɓe za ta gamsu. Watau doka tana tambayar ko mutum ya yi ilmin, ba ta tsaya kan ko takardar tana cikin aljihunsa ba. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya fi kowa sanin wannan bambanci, gama ya san in gara ta ci takardar shaidarsa, ba ta ci baƙaƙen da ke cikin kansa ba.

To, in an aza Buhari bisa wannan ma'auni, me za a gani? Mutum ne wanda ya yi makarantar horon hafsoshi ta Mons a Ingila, da kwalejin manyan hafsoshi ta Wellington a Indiya, da Kwalejin Yaƙi ta sojan Amurka daga 1979 zuwa 1980, ya kai muƙamin Manjo Janar. Sau uku Hukumar Zaɓe ta karɓi takardunsa kafin wannan karo. Da an shimfiɗa wa jama'a wannan tun ranar farko, da gardamar ba ta kwana bakwai ba. Amma da ya ke ba a yi haka ba, sai ta rayu har shekara huɗu. A watan Nuwamba 2018 shugaban hukumar jarrabawa ta WAEC ya kai masa takardar tabbatar da sakamako har fadar gwamnati, duk da haka Alhaji Atiku Abubakar ya sa batun cikin ƙarar da ya kai bayan zaɓen 2019. Ran 11 ga Satumba 2019 kotun ƙarar zaɓe ta yanke cewa Buhari ya cika sharaɗi, ran 30 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta kori ɗaukaka ƙarar. Ba za a wanke ɗan takarar sarai ba, domin tun 2003 yana da damar neman kwafin sakamakonsa daga Katsina, wadda ba ta da nisa da gidansa, bai nema ba sai da wuta ta kama. Sakacinsa ne ya buɗe ƙofa, amma jaridu ne suka hana a rufe ta.

Shi ma Jonathan an tā da gardama a kansa, ko da ya ke digirinsa na dakta a ilmin dabbobi ne daga Jami'ar Fatakwal. Tasa ta rantsuwa ce: ya ƙarasa wa marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa wa'adi a 2010, aka zaɓe shi a 2011, shin ya halatta ya sake tsayawa? Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ya halatta a watan Maris 2015. Wannan tambaya ta fi ta satifiket nauyi, shaida kuwa ita ce a 2018 sai da aka gyara Tsarin Mulki dominta, amma ba ta sami rabin shafin da waccan ta samu ba.

Abin da ya fi muni ya fito ran 19 ga Janairu, kwana biyar kacal bayan 'yan takara sun sa hannu a Abuja, gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, cewa za su guji kalaman tā da fitina. Gwamnan Ekiti, Ayo Fayose, ya sayi shafin farko na jaridun Punch da Sun. Ya jera hoton Murtala Muhammad da Sani Abacha da 'Yar'aduwa, shugabanni uku daga Kano da Katsina waɗanda suka rasu bisa mulki, sa'an nan ya sa hoton Buhari, mai shekara 72, da alamar tambaya. Ofishin neman ƙuri'a na Jonathan ya ce ba da yawunsa ba. Editoci kuwa suna iya cewa talla ce, kuɗi aka biya. Wannan ba hanzari ba ne, gama mai rumfa shi ke da ikon abin da za a kasa a rumfarsa. Ga Bahaushe, yi wa mai rai lissafin ajali ba siyasa ba ce, shiga hurumin Allah ne, saboda haka tallan nan ba abin da ta ƙara wa masu ita a arewa sai baƙin jini. Ɓarnarta ma ta wuce nan. Lafiyar mai neman mulki abin tambaya ce ta halal, musamman ga ƙasar da ta ga yadda aka rasa mai riƙo sa'ad da 'Yar'aduwa ya kwanta a Saudiyya a ƙarshen 2009. Da Fayose ya yi tambayar da baƙar fuska, sai ya zama duk wanda ya sake yin ta an ɗauke shi mai fatan mutuwa. A 2017 Buhari ya yi wajen kwana 50 yana jiyya a Landan, ya komo, ya sake komawa ya yi fiye da kwana 100.

Gidajen talabijin ba su fi jaridu ba. AIT ta yi ta nuna wani shiri na sūkar Buhari da wani na sūkar Bola Tinubu, ba tare da an ba waɗanda a ke sūka bakin magana ba. Tinubu ya kai ƙara, a 2016 gidan ya janye maganganunsa ya roƙi gafara. Masu sa ido na Tarayyar Turai kuma sun rubuta cewa NTA da Rediyon Tarayya, waɗanda a ke ciyarwa da kuɗin kowa da kowa, sun karkata ƙwarai wajen mai riƙe da mulki. Muhawara gaba da gaba, wadda ita ce za ta rage wannan aibi, ba a yi ta ba. APC ta ce masu shiryawa suna da ɓangare, Buhari ya ƙi zuwa, kamar yadda Jonathan ya ƙi halartar wadda abokan takararsa suka je a 2011.

Kada kuwa a ɗauka laifin duk na jaridun Ikko ne. Manomin Babura ba Punch ya ke karantawa ba, rediyo ya ke ji: BBC da Muryar Amurka da Jamus da asuba da dare, tsakani kuma tashoshin Kano da Kaduna da Dutse. A tashoshin gida akwai filayen siyasa inda 'yan sojan baka su kan zo su yabi ubangidansu su yi wa abokin gābarsa habaici. Abin yana da daɗin ji, amma ba ya auna kowa. A nan arewa ƙauna ta rufe bakin tambaya: an riga an sa wa Buhari suna Mai Gaskiya, wanda duk ya ce a duba wani abu game da shi sai a ce an saye shi. Cikin wannan zafi ne aka jefi motocin Jonathan a Katsina da Bauchi a watan Janairu. Kudu ta ƙi jin alherin mutumin, arewa ta ƙi jin aibinsa, ko wace kuma ta sami gidan labarin da ke faɗa mata abin da ta ke so.

Alhali kuwa tambayoyi na gaske suna nan tuli. Kuɗin gangar man fetur ya faɗo daga fiye da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 50 a Janairu 2015. Da me wanda ya ci zai biya albashi, ya kawo taki? 'Yan Boko Haram sun kwashe 'yan matan Chibok a Afrilu 2014, sun kai hari babban masallacin Kano a Nuwamba, sun ci Baga a Janairu, har aka ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Wannan an yi maganarsa, amma galibi don jifan juna. Sai kuma tarihin Buhari kansa, wanda shi ne satifiket na gaskiya ga mutumin da ya taɓa riƙe ƙasa daga ƙarshen Disamba 1983 zuwa Agusta 1985. Doka ta 4 ta 1984, wadda aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu da ita, Tunde Thompson da Nduka Irabor, ta sami masu tunawa, tun da ta shafi 'yan jarida. Amma a watan Afrilu na shekaran nan gwamnatinsa ta canja kuɗi ta rufe iyakokin ƙasa, ga fari ya ci amfanin gona, har a waɗansu sassan Nijar yunwar lokacin da sunansa a ke kiranta. Dattawan kan iyaka ba su manta ba. Ga mutumin da riɗinsa da wakensa da dabbobinsa ke bin hanyar Magariya, babu tambayar da ta fi wannan: in ka dawo, yaya za ka yi da iyaka? Masu manyan baƙaƙe ba su mai da ita abin gardama ba.

An yi zaɓe, Buhari ya sami ƙuri'a 15,424,921, Jonathan 12,853,162. A Jigawa Buhari ya sami fiye da 880,000, Jonathan bai kai 150,000 ba, ko da ya ke gwamnan jihar na lokacin, Alhaji Sule Lamido, ɗan PDP ne. Watau dukan tawadar da aka zubar a kan satifiket ba ta juya kan mutanen wannan yanki ba. A watan Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin tudu, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020.

Zaɓen 2023 ya zo da irin wannan gardama, wannan karo a kan takardar Tinubu ta Jami'ar Jihar Chicago. Atiku ya bi ta har kotun Amurka, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta ƙi karɓar sabuwar shaidar ran 26 ga Oktoba 2023. A cikin watannin nan da jaridu ke ƙidaya takardun Chicago, iyakar Nijar a rufe ta ke tun Agusta saboda juyin mulkin Yamai, motocin kaya suna tsaye a bakin shinge, sai a watan Maris 2024 aka ɗage.