Fastar "Shaihu Umar": Wa Ya Dace Ya Hau Raga?

Duk wanda ya tsaya wajen masu buga riguna da fastoci a Kpakungu, cikin Minna, zai ga yadda bugun raga ke gudana. Ana ɗaure raga a jikin katako, a toshe inda ba a son tawada ta bi, sannan a ja tawadar da roba ta sauka kan takarda. Kowane launi da ragarsa, kuma kowace raga da kuɗinta. Saboda haka mai wannan sana'a ba ya iya jibga fuskokin taurari goma kamar yadda fastocin finafinan Kano suka saba. Dole ya zaɓi sura ɗaya, kuma a zaɓin nan ne manazarci zai gane ko ya fahimci jigo.

Mu ɗauki fim ɗin "Shaihu Umar" na Adamu Halilu, wanda ya fito a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi, aka gyara, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Idan aka ba mai bugu aikin fastarsa, abin da zai fara zuwa masa shi ne malami da rawani, almajirai kewaye da shi a Rauta. Sura ce mai kwarjini, ga sauƙin yanka, baƙi da fari sun wadatar. To amma a ganinmu wannan ƙofar labarin ce kawai. Abin da ke ciki bauta ce: yaron da aka sace, Makau da aka kora daga Kagara bisa sharri, da Abdulkarim, mai kirkin nan da ya reni Umar, wanda kuma fataucin bayi yake yi. Fastar da ta tsaya kan rawani ta lulluɓe duk wannan, kamar yadda wasu ɗalibanmu kan yi a jarrabawa, su ce jigon littafin haƙuri ne, su ajiye alƙalami.

Mu kam mahaifiyar Umar za mu ɗora. Ita ce ta fita neman ɗanta ta faɗa bauta, aka ketara da ita Sahara, ta ga shi bayan shekaru, ta cika. Launi biyu sun isa: ruwan ƙasa ya zama rairayi, baƙi ya zama inuwar mace guda tana bin sawun ayari. Kada a zana fuskarta, domin raga ba ta riƙe ƙananan layuka, tawada takan cushe su.

Mutanen Jihar Neja ba sa bukatar a yi musu sharhin wannan sura. Sunan Kagara kaɗai zai tuna musu Fabrairun 2021, lokacin da aka kwashe ɗalibai daga kwalejin kimiyya ta garin, iyaye mata suka yi kwanaki suna jiran labari.