Miksa Ba Ta Jin Kalangu

Yanzu da wuya ka shiga unguwa a Maraɗi ko Damagaram ba ka tarar da saurayin da ya maƙala "DJ" gaban sunansa ba. Wasu a talho suka fara, wasu a kwamfutar yayansu mai VirtualDJ a ciki, kaɗan kuma Allah ya haɗa su da mai sono mai babbar miksa, yana barin su su taɓa in an tashi daga biki. Ban ga laifin wannan ba. Sana'a ce, tana ciyar da mai ita, ta fi zaman fada ana jiran shayi na uku. Ni ma ɗan koyo ne, wata bakwai ke nan ina bin wani mai sono, ina ɗaukar mishi bafal yana nuna mini hannu. Abin da nake son in soka shi ne yadda muke koyon, da abin da wanga koyo yake kashewa ba mu lura ba.

Bari in fara da na'urar kanta, saboda wanda bai taɓa tsayawa bayanta ba. Ɗauki Pioneer DJM-900NXS2, wadda ta fito a 2016, wadda sabuwarta a lokacin ta haura sefa miliyan ɗaya. Ita ba ta kunna waƙa da kanta, sai an haɗa ta da kwamfuta ko da na'urorin CDJ, ko da yake a bakinmu duka tarkacen miksa muke ce musu. Layi huɗu gare ta, kowane layi waƙa guda yake ɗauka. A saman layi akwai abin murɗawa mai ƙayyade ƙarfin sautin da yake shigowa. Ƙarƙashinsa akwai guda uku: na siririn sauti irin na tafi da kacau-kacau, na tsakiya inda muryar mawaƙi take zaune, da na ƙasa, wato dukan nan da kake ji a ƙirji. Sai abin ja mai ɗaga layi da sauke shi, sai wani a kwance can ƙasa mai kai ka daga waƙar hagu zuwa ta dama. Sai kuma abin kunne, inda DJ yake sauraren waƙar da za ta shigo tun jama'a ba su ji ta ba. Aikin ke nan. Amsa-kuwwa da sauran wasannin sauti kwalliya ce, amma abin haushi daga kwalliyar muke fara karatu.

Ku dubi abin da ya fi sauƙi, wato fitilun da ke hawa da sauka a gefen kowane layi. Ja yana nufin sauti ya kai iyaka, abin da ya wuce nan yankewa yake yi, ya fito a ƙazance. Amma ku leƙa bayan tebur a kowace suware ta ƙarshen shekara, za ku ga ja reras tun daga waƙar farko har a tashi. Wai shi ne "ƙarfi". Sakamakon kuwa kowa ya san shi: murya ta koma kamar ana yaga takarda, ƙaramin bafal ya ƙone, mai kaya ya cire kuɗin gyara daga ladan yaro. Kunne kuma ba a gyara shi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada matsakaicin ƙara a wuraren shagali ya wuce desibel 100 in an auna shi cikin minti 15. Wanene cikinmu ya taɓa aunawa? Ƙannenmu da ke rawa a bakin bafal su koma gida kunne yana tsuwwa, mu ce musu biki ya yi daɗi. Ban ma taɓo maganar ƙahon nan da ake dannawa duk bayan daƙiƙa goma ba, ko DJ da zai sauke waƙa daidai inda ta fi daɗi don ya gaida abokinsa da ya shigo.

To wannan duk rashin tarbiyya ne, mako guda ya isa a gyara shi. Babbar matsalar tana wajen lissafi.

Manhajar da ke tafiyar da kayan, ko rekordbox ce ko Serato ko VirtualDJ, in ka ba ta waƙa sai ta auna bugu nawa take yi a minti, ta shimfiɗa mata layuka masu tazara ɗaya, tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. In ka danna maɓallin da aka rubuta SYNC a kansa, sai ta ɗora layukan wannan waƙa bisa na waccan, su tafi tare. Bidiyoyin koyarwa da muke kallo a YouTube da TikTok a kan wanga tsari aka gina su: ƙirga 16 ko 32, shigo da sabuwar waƙa, sauke dukan ƙasa na tsohuwa, ɗaga na sabuwa. Kuma yana aiki. Amapiano mai tafiya tsakanin 110 da 115, afrobit na Legas, kupe-dekale ta Abijan da ta haura 120, akasarinsu a kwamfuta aka haife su, bugunsu ba ya kauce wa layi. Waƙoƙin nanaye da ake bugawa da piyano a Kano su ma haka, shi ya sa Hamisu Breaker da Ado Gwanja ba sa ba ɗan koyo wahala.

Yanzu ka ɗauko Barmani Choge da ƙwaryarta ka ba manhaja. Ko Shata da ƴan kalangunsa, ko Ɗan Maraya da kuntigi, ko Malam Maman Barka da gurumi. Abu biyu za su faru. Na farko, da yawa daga kiɗanmu kowane taku cikinsa kashi uku ya rabu, ita kuwa na'ura biyu-biyu ta saba nema. Waƙar da ƙafar mai rawa take takawa a 90 sai ta iya rubuta mata 135, saboda ta kama wani bugu da ba shi ne na ƙafa ba. Na biyu, hannun mutum ne yake kiɗan. In fili ya yi zafi makaɗi ya ƙara wuta, in mawaƙi zai ja dogon zance a sassauta mishi. Layukan na'ura ba sa sassautawa. Bayan minti ɗaya sun kauce, ka danna maɓallin daidaitawa ka ji bugu biyu suna tuntuɓe da juna kamar jakai biyu a kan tsandauri. Ba ma sai tsofaffi ba. Gwada Tal National na Yamai, irin waƙoƙin faifansu Kaani na 2013, inda gita da ganga sukan juya gudu a tsakiyar waƙa ba sallama, ka ga yadda lambobi za su rikice a allo.

Me ɗan koyo yake yi in ya gamu da haka? Sai ya ce waƙar ce "ba ta miksuwa", ya jefa ta cikin wata jaka da ba ya buɗewa. Na sha jin wagga magana a bakin abokai, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro. Ku lura da abin da ya faru: ba jama'a suka ƙi waƙar ba, ba DJ ya saurare ta ya ga ba ta dace ba. Na'ura ce ta kasa ƙirga ta, sai aka yanke wa waƙar hukunci. A haka, sannu-sannu, injin da aka ƙera don gidajen rawa na Turai da Amurka shi yake zaɓa muna abin da za a ji a bikin ɗiyar Maraɗi. Ku kalli gefen iyaye mata a wajen biki. Sun yi anko, sun zo da kuɗin liƙi, amma suna zaune awa uku suna firfita da mayafi. In an tausaya musu a sa amada guda, a yanke ta tun ba a kai rabi ba, a koma inda aka fito. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ba a ce a kori masu rawar daga fili ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, waɗanda suka ƙirƙiro sana'ar a kan kiɗan hannu suka koya. Francis Grasso, a Niyok, tun ƙarshen shekarun 1960 yake haɗa bugun faifai biyu da kunne da yatsa. Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, wanda shagalinsa na 11 ga Agusta 1973 a unguwar Bronx ake ɗauka mafarin hip-hop, faifai biyu na waƙa ɗaya yake sawa don ya tsawaita wurin da ganga ta rage ita kaɗai. Gangar nan kuwa mutum ne ya buga ta, irin makaɗan James Brown, tana gaba tana baya kamar kowane hannu. Ba su da allo, ba su da lamba. Ashe matsalar da muke gudu a kanta aka gina aikin tun farko.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce matasa ne suke cika fili, su kuwa amapiano suke so. Kuma mai biki ba darasin al'ada ya biya ba. Akwai gaskiya a ciki. Ni ma ba na son a mai da suware gidan tarihi, kuma ban ce a cire maɓallin daidaitawa a jefar ba, yana 'yanta hannu ya yi wani aiki. Amma wa ya gwada ya ga matasa sun ƙi? Na ga fili ya kusa tsagewa ranar da wani DJ ya yi shiru na daƙiƙa biyu bayan wata kupe-dekale, ya saki kalangu tsurarsa. Waɗanda suka fi ihu ƴan lise ne. Za a kuma ce sababbin manhajoji suna iya raba murya da kiɗa, a ɗora muryar Shata kan bugun kwamfuta, magana ta ƙare. Ana iyawa, amma kalangu ba rakiya kaɗai yake yi ba. Hawa da saukar muryar Hausa yake bi, magana yake yi, yana amsa wa mawaƙi. In ka cire shi ka bar mutum yana zance shi kaɗai.

Ga abin da nake ganin ya kamata ɗan koyo na ƙasar nan ya sa a gaba. Ka rufe allo da kwali, ka haɗa waƙa biyu da kunne har sai hannunka ya san wadda take gaba da wadda take baya. Ka koyi buga maɓallin TAP da yatsa daidai takun ƙafarka, kada ka yarda da lambar da aka rubuta maka. Ka san ba kowace waƙa ake narkarwa cikin wata ba: kiɗan hannu ya fi son a jira ƴan amshi su sauke, a yanke da tsabta, ko a bar amsa-kuwwa ta ɗauke wutsiyar tsohuwa kafin sabuwa ta faɗo. Ka yi hattara da abin murɗawa na tsakiya, don can murya da rabin jikin kalangu suke. Tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset sautinsu ƙasa yake, ka daidaita shi a abin kunne tun kafin ka saki, kada ka bi shi da ja. Sannan ka je ka zauna wajen makaɗan unguwarku, ka gaishe su, ka tambaye su ina ake shiga ina ake fita. Wanda yake Yamai ya leƙa cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, ya ga kayan da idonsa. Duk wannan ba ya buƙatar miliyan. Ƙaramar na'ura mai layi biyu ta isa.

Ƴan uwa masu wannan sana'a, ba don in kushe ku na rubuta ba, layi ɗaya muke. Amma sunan DJ yanzu arha ne, kowa da talho ya samu. Ni dai ma'aunina guda ne: wanda zai iya fitowa daga amapiano ya shiga amada, amarya ba ta tsaya ba, uwar amarya kuma ta miƙe, shi ne ya koyi miksa. Sauranmu har yanzu bafal muke ɗauka.