Daga Hannun Jari zuwa Kwangilolin Wa'adi: Nazari kan Hujjar Kamali da Iyakarta

Masu barin cinikin hannun jari su koma ga kwangilolin wa'adi, waɗanda Larabawa ke kira al-mustaƙbaliyyat, sukan jingina da littafin Farfesa Muhammad Hashim Kamali na 2000 kan waɗannan kwangiloli. Hujjarsa ba ta wasa ba ce. Yana ganin hanin da ya zo a hadisin Hakim bin Hizam game da sayar da abin da mutum bai mallaka ba ya shafi ayyanannen kaya ne, ba abin da aka siffanta a wuya ba. Cewa hadisin hana sayar da bashi da bashi mai rauni ne. Kuma hukumar da ke lamunce wa ɓangarori biyu ta kawar da gararin kasa miƙa kaya.

Raunin hadisin sananne ne, amma malamai sun hakaito ijma'i a kan ma'anarsa, kuma Imam Ahmad na cikin waɗanda aka ruwaito hakan daga gare su. Salam ya halatta ne domin an gaggauta biyan kuɗi. Malikiyya ma, da sassaucinsu, kwana uku kawai suka yarda a jinkirta shi. A kwangilar wa'adi kuwa kuɗi da kaya duk a jinkirce suke, abin da ake ajiyewa jingina ce kawai. Saboda haka ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a ƙudurinta mai lamba 63 a Jidda, 1412 (1992), ta halatta hannun jarin kamfanonin da aikinsu halal ne, ta hana wannan sura.

Sai dai matsalar da ta fi girma ba a nan take ba. Ko da an sallama wa Kamali duk muƙaddimominsa, ƙarfinsu yana kan manomi da mai masana'anta da ke neman kariya daga hawa da saukar farashin alkama ko man ja. Wannan ce buƙatar da ta haifi kasuwar hatsi ta Chicago a 1848. Ina ruwan mai ciniki na 'yan mintoci da ita? Ɗauki kwangilar E-mini da aka fara a 1997 a kan ma'aunin S&P 500: kowane maki dala 50 ne, kuma ba a miƙa komai a ƙarshe sai bambancin farashi. Babu abin sayarwa balle a yi maganar karɓarsa. Ƙudurin Jidda ya ambaci cinikin ma'aunin farashi da sunan caca tsagwaronta. Mai hannun jari abokin tarayya ne a dukiya mai haɓaka, yana iya samun riba ba tare da wani ya yi asara ba. A nan kuwa duk dalar da ɗaya ya ci daga aljihun ɗayan ta fito.

Dalilin ƙaurar ma abin lura ne. Dokar da aka kafa a Amurka a 2001 ta wajabta, a wancan lokacin, wa mai yawan saye da sayar da hannun jari a yini guda, a asusun da ke ba da rance, ya ajiye dala 25,000, amma ba ta shafi kwangilolin wa'adi ba. Abin da ya ja ƙananan 'yan kasuwa shi ne juya adadi mai yawa da jingina kaɗan, ba wata buƙata da Shari'a ke yi wa rangwame ba.

Ɗalibin da ya kafa hujja da Kamali don wannan ciniki ya ɗora wa littafin kayan da muƙaddimominsa ba za su iya ɗauka ba, domin maganar siffanta kaya a wuya ba ta da gurbi inda babu kayan tun asali.