Gwanayen Ƙetarar da Tarihin Manhaja

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin iyakar Kongolam, inda hanyar Daura ke miƙewa zuwa Matamaye da Damagaram, ya san kaya ba sa ƙetare iyaka haka nan. Buhun da aka ɗaura a nan shi ne zai sauka can, amma takardarsa ta tashi daga Turanci ta koma Faransanci, farashinsa ya bar naira ya koma sefa. Gwani a wurin shi ne wanda zai ƙetarar da kaya ba tare da wani abu ya zube a hanya ba. A duniyar kwamfuta ma akwai masu irin wannan sana'a, ba a cika jin sunansu ba, ni kuwa aikinsu yana burge ni ƙwarai.

Babbar manhaja ba a rana ɗaya ake rubuta ta ba. Mutane ɗaruruwa ne ke sa hannu tsawon shekaru, kuma kowane gyara yana shiga wani kundi: wa ya yi shi, yaushe, me ya taɓa, me ya sa. Idan matsala ta ɓullo yau, cikin kundin nan ake bin sawu har a gano layin da aka sauya shekara 15 baya, da dalilin mai shi. Sai dai tsarin ajiye kundin shi ma yana tsufa. An yi zamanin CVS, wanda Dick Grune ya fara a 1986. Subversion ya biyo baya a shekarar 2000, sannan Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005, wanda yanzu ya mamaye ko'ina. Duk lokacin da aka sauya tsari, dole wani ya ɗauki tsohon kundi ya ƙetarar da shi.

A nan gwaninta take. CVS bai san gyara ɗaya da ya shafi fayil goma ba; kowane fayil da tarihinsa daban, kamar ɗan kasuwar da ke rubuta cinikin kowane irin kaya a littafi na daban. Git kuwa gyaran yake so a dunƙule. Saboda haka mai ƙetarwa zai bi dubban ƙananan bayanai yana haɗa waɗanda sunan marubucinsu ɗaya, bayaninsu ɗaya, kuma tazararsu ba ta wuce 'yan mintoci ba, ya ce waɗannan aiki ɗaya ne. To idan agogon wata kwamfuta ya yi kuskure a wancan lokaci fa? Sai ka ga ɗa ya riga ubansa zuwa duniya, dole a zauna a warware da hannu.

Ga kuma batun sunaye. Tsofaffin tsare-tsare laƙabi kawai suke ajiyewa, wani lokaci harafi uku ko huɗu, shi kuwa Git cikakken suna da adireshin imel yake nema. Sai a shiga tonon tsofaffin takardu, a tambayi dattawan aikin, har a gano wane ne mai laƙabin. Wasu sun bar aikin da daɗewa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa mini zuciya, domin mayar wa mutum haƙƙin guminsa ne. Mutanen ƙasar Daura, da suka riƙe jerin sarakunansu tun daga sarauniyoyi har zuwa zuriyar Bayajida, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan nauyin sa suna a mazauninsa.

Ba kowa ne ya ɗauki wannan wahala ba. Ranar 16 ga Afrilu, 2005, da Torvalds ya zuba manhajarsa ta Linux cikin Git, bai shigo da tarihin baya ba, ya ce girmansa zai kai wajen gigabait 3.2. Sai daga baya wasu suka harhaɗa tsohon tarihin a wani rumbu na daban, wato ma'ajin manhaja da kundinta.

Masu GCC kuwa, manhajar da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, wadda ke juya rubutun masu shirya manhaja zuwa abin da na'ura ke fahimta, sun ƙi barin nasu a baya da za su koma Git. Kundinsu ya taɓa ƙaura daga CVS zuwa Subversion a 2005, da tabon waccan ƙaurar a jikinsa, kuma gyare-gyaren ciki sun haura 280,000. Eric Raymond, wanda ya ƙetarar da tarihin manhajar Emacs zuwa Git a 2014, yana da wani makamin aiki da ya ƙera mai suna reposurgeon, wato likitan fiɗar rumbu. Girman GCC ya fi ƙarfin wannan makami, har sai da aka sake rubuta makamin daga harshen Python zuwa Go don ya iya ɗaukar nauyin. An yi ta gwaji ana rusawa, ana gwada kowane reshe na sabon rumbu da takwaransa na tsoho, fayil bayan fayil. A watan Janairun 2020 Joseph Myers, ɗaya daga cikin masu GCC, ya gudanar da ƙaurar ƙarshe zuwa Git.

Me ya sa duk wannan taka-tsantsan? A Git, kowane gyara yana da lambar shaida da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa da kuma lambar wanda ya gabace shi, kamar sarƙa. Ka taɓa zobe ɗaya na 1995, duk lambobin da suka biyo baya sun canza. Da zarar jama'a sun kwafi sabon rumbu sun ci gaba da aiki a kansa, gyaran kuskure ya zama tashin hankali ga kowa. Dama ɗaya ce tak.

Ku ɗalibanmu masu koyon kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, wata rana za a miƙa muku tsohuwar manhajar wata ma'aikata a ce ku sabunta ta. Kafin ku kwashe fayilolin ƙarshe ku buɗe sabon rumbu, ku tambaya ina tsohon kundin yake, ku ajiye kwafinsa a wuri biyu, ku ƙetare da shi har da sunayen waɗanda suka rubuta shi.