Syriana: fim ɗin da ya tuhumi kowa ban da mai shan mai

Fim ɗin Syriana, wanda Stephen Gaghan ya rubuta kuma ya ba da umarni a 2005, ya sha yabo a matsayin fim ɗin da ya tona asirin siyasar man fetur. George Clooney ma ya samu kyautar Oscar a 2006 saboda rawar da ya taka a ciki. Ni ma ina cikin masu yabonsa, sai dai ina ganin ya ɗauko magana mai nauyi ya ajiye ta kafin ya kai gida.

Labari huɗu ne aka saƙa wuri guda. Akwai Bob Barnes, tsohon ɗan leƙen asirin CIA, da lauya Bennett Holiday mai binciken haɗewar kamfanonin mai biyu, Connex da Killen, da Bryan Woodman, masanin kasuwar makamashi a Geneva wanda ya zama mashawarcin Yarima Nasir. Na huɗu shi ne Wasim, matashi ɗan Pakistan da ke ƙwadago a wata ƙasar Larabawa da ba a faɗi sunanta ba. Nasir ya ba Sinawa kwangilar gas maimakon Connex, aka sallami ma'aikata, Wasim ya rasa aiki. Daga nan wani mutumin Masar ya ja shi a jiki, har ya kai ga tuƙa kwalekwale ɗauke da bam ya afka wa jirgin dakon gas. Shi kuwa Nasir, da ke son gyara ƙasarsa, CIA ta halaka shi da makami daga sama don ƙanensa mai biyayya ya zauna kan gadon sarauta.

Abin da ya fi burge ni shi ne bin sawun makamin. Wanda Wasim ya tayar, shi ne wanda ya suɓuce wa Barnes a Tehran tun farkon fim. Ba a yi wa mai kallo wa'azi ba, an bar shi ya gane da kansa cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Harin ma ba ƙage ne zalla ba, don a Oktoban 2002 an kai irinsa kan jirgin dakon mai na Limburg a gaɓar Yaman.

Matsalata ta farko da Wasim ce. Shi ne ya ɗauki mataki mafi girma a labarin, amma shi aka fi taƙaita wa magana. Fim ɗin ya jera rashin aiki, da dukan ƴan sanda, da abincin makaranta, sai bam, kamar lissafi. Talauci na taimaka wa masu ɗaukar mayaƙa, amma bai isa bayani ba. Mohammed Atta ɗan lauya ne da ya yi karatu a Hamburg, Umar Faruk Abdulmutallab na harin 2009 kuwa ɗan gidan masu hali ne. Idan an cire aƙida da zaɓin mutum daga labarin, an mayar da Wasim kayan aiki, yadda kamfanin da wanda ya ja shi suka mayar da shi.

Ta biyu ta fi girma. An tuhumi kamfani, da lauya, da ɗan leƙen asiri, da sarki, amma mai sayen man babu shi a cikin tuhumar. A shekarar da fim ɗin ya fito, Amurka na shan ganga sama da miliyan 20 a kullum, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da duniya ke sha, alhali mutanenta ba su kai kashi 5 cikin ɗari na jama'ar duniya ba. Shugaba Bush da bakinsa, a Janairun 2006, ya yarda cewa mai ya zama wa ƙasarsa jaraba. Manyan motoci da son sabon kaya kullum su ne ke ba Connex ƙarfinta, amma mai kallo zai tashi daga sinima yana zagin manya, ya shiga motarsa da zuciya wasai.

Mu ma a Nijar wannan magana ta shafe mu. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke aiki, ƙarfinta ganga 20,000 a rana, wato abin da Amurka ke sha cikin ƙasa da minti biyu. Kamfanin Sin ne ke haƙar man Agadem, kuma bututun da ke kai shi Benin ya sha hari a 2024. Da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, ƴan ruwa-ruwa da ƴan kabu-kabu daga Ƙonni zuwa Maraɗi sun ji a jikinsu. Ke nan mu masu haƙa ne kuma masu sha, kuma wurare biyun duka fim ɗin ya bar su babu zurfi.

Ina ba da shawarar a kalle shi, sau biyu ma, don labarin na da sarƙaƙiya. Amma marubucinmu da zai ɗauki labarin mai, ya fara daga inda Gaghan ya tsaya: ya ba ma'aikacin rijiya baki, ya kuma tambayi mai cika tanki.